Type-C: Yadda Wata Doka Daga Turai Ta Canza Bakin Cajin Wayoyin Duniya

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa shagon caji shekaru goma sha biyar da suka wuce zai tuna yadda teburin mai shagon yake. Igiyoyi ne rututu sun sarƙe da juna, kowace da irin bakinta: ga Nokia mai ƙaramin baki, ga Nokia mai babban baki, ga faffaɗan bakin Samsung, ga na Sony Ericsson, ga na Motorola. Wanda aka rasa irin cajarsa sai a cire masa batir, a maƙala shi a jikin cajar nan mai kama batir da 'yan ƙarafuna biyu, fitilarta tana ta ƙyafta ido har ya cika.

Yau idan mutum ya shiga cikin abokai ya ce a ara masa caja, tambaya ɗaya ake yi masa: Type-C ce ko Android? Mai sabuwar iPhone ma, wanda a da sai ya yi ta neman ɗan'uwansa mai iPhone, yanzu igiyar mai Tecno ko Samsung tana shiga wayarsa.

Mutane da yawa suna ɗauka cigaban fasaha ne ya kawo wannan da kansa, wato injiniyoyi sun ƙirƙiro abin da ya fi kyau, kamfanoni kuma suka bi. Akwai gaskiya a ciki, amma rabin labarin ke nan. Sauran rabin ya faru ne a ofisoshin Tarayyar Turai da zauren majalisarta, inda aka shafe fiye da shekaru goma ana ja-in-ja da kamfanonin waya a kan wannan ɗan ramin da ke gindin waya.

Zamanin da kowa ke da nasa baki

Kafin shekarar 2009, Hukumar Tarayyar Turai ta ce akwai nau'in caja fiye da 30 a kasuwanninta. Kowane kamfani yana ƙera nasa, wani lokacin ma kamfani ɗaya yana da baki biyu ko uku. Idan mutum ya canza waya, tsohuwar cajarsa ta zama shara ko da lafiyarta ƙalau.

Babu wani dalilin kimiyya da ya tilasta hakan. Wutar da ƙananan wayoyin wancan lokaci ke sha kusan iri ɗaya ce. Amma bambanta baki yana da riba, domin wanda cajarsa ta lalace dole ya nemi ta wannan kamfani, kuma wanda ya tara kayan kamfani ɗaya yakan ji nauyin komawa wani.

China ta riga Turai motsawa, domin tun a ƙarshen 2006 ta fitar da ƙa'idar da ta ɗora cajar waya a kan USB. Ita kuwa Turai lallashi ta fara gwadawa. A watan Yunin 2009 manyan kamfanoni, ciki har da Nokia da Samsung da Motorola da LG da Sony Ericsson da Apple, suka sa hannu a wata yarjejeniyar ganin-dama cewa za su koma kan micro-USB. Wannan shi ne bakin da har yau ake kira cajar Android a kasuwanni. Yarjejeniyar ta yi aiki sosai, nau'ukan caja suka sauko daga 30 zuwa 3.

Ƙofar da Apple ya bi ya fita

Yarjejeniyar ta bar wata 'yar ƙofa a buɗe. Ta yarda kamfani ya ci gaba da amfani da nasa baki muddin ya samar da adafta da za ta haɗa shi da micro-USB. Ta nan Apple ya bi. A watan Satumban 2012 ya fito da iPhone 5 ɗauke da sabon baki mai suna Lightning, adaftar kuma ya riƙa sayar da ita daban.

Adalci shi ne a faɗa cewa a wancan lokacin Lightning ya fi micro-USB. Ƙarami ne, yana da ƙwari, kuma ko ta wane gefe aka juya shi yana shiga. Micro-USB kuwa sai an lalubo gefensa, idan aka matsa ta baibai a karya haƙorin ciki, abin da ya daɗe yana kai wayoyi teburin masu gyara.

Sai dai Lightning mallakin Apple ne shi kaɗai. Kamfanin da ke son ƙera igiya ko wani abin haɗawa da iPhone a hukumance sai ya shiga tsarin lasisin Apple mai suna MFi, ya biya, ya kuma sa wani ɗan guntun cif a cikin kan igiyar wanda wayar ke tantancewa. Shi ya sa masu iPhone suka saba da saƙon nan da ke fitowa a fuskar waya yana cewa mai yiwuwa wannan igiya ba za ta yi aiki ba.

Ana cikin haka, a watan Agustan 2014, ƙungiyar kamfanonin da ke kula da ƙa'idojin USB ta fitar da USB-C, wanda aka fi sani da Type-C. Yana da 'yan haƙora 24, yana shiga ta kowane gefe, yana ɗaukar wuta mai yawa, yana kuma iya tura bayanai da hoton bidiyo. Abin mamaki, Apple yana cikin kamfanonin da suka yi aikin samar da shi. Ya sa shi a kwamfutar MacBook tun 2015, ya sa shi a iPad Pro a 2018. Amma iPhone, wadda ita ce ke kawo masa kuɗi mafi yawa, ya bar ta a kan Lightning.

Daga lallashi zuwa doka

Wa'adin yarjejeniyar 2009 ya ƙare a 2014, ƙoƙarin sabunta ta kuma bai gamsar da hukumomin Turai ba. A watan Janairun 2020 'yan Majalisar Dokokin Tarayyar suka kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye suna neman a daina roƙon kamfanoni, a rubuta doka. Ranar 23 ga Satumban 2021 Hukumar ta gabatar da daftari.

Ta zo da alƙaluma a hannu. A cewarta, a 2020 kaɗai an sayar da wayoyi da ƙananan na'urori kimanin miliyan 420 a ƙasashen Tarayyar. Cajojin da ake zubarwa ko ake jibgewa a gida ba amfani sun kai kimanin tan 11,000 a shekara. Ta kuma ƙiyasta cewa dokar za ta rage wa jama'a kashe har yuro miliyan 250 duk shekara a kan cajojin da ba su buƙata.

Ranar 4 ga Oktoban 2022 Majalisar ta amince, mutum 602 suka goyi baya, 13 suka ƙi, 8 suka ƙaurace. Ɗan majalisar da ya jagoranci aikin shi ne Alex Agius Saliba, daga Malta, ƙasar da yawan mutanenta bai kai na wasu ƙananan hukumomi biyu a Kano ba. Dokar ta fara aiki ranar 28 ga Disamban 2024.

Abubuwa huɗu ne ginshiƙanta. Na farko, duk sabuwar waya, kwamfutar hannu, kyamara, abin sauraro na kunne, ƙaramar sifika, na'urar wasa ta hannu da makamantansu, muddin ana cajinsu da igiya, dole su zo da bakin USB-C. Kwamfutocin laftof an ba su ƙarin lokaci zuwa 28 ga Afrilun 2026. Na biyu, na'urar da ke shan wuta sama da wat 15 dole ta fahimci tsarin caji mai sauri na bai-ɗaya da ake kira USB Power Delivery, ko PD a taƙaice. Na uku, dole a ba mai saye damar sayen na'ura ba tare da kan caja ba. Na huɗu, dole kwali ya nuna ko akwai caja a ciki, da kuma ƙarfin wutar da na'urar ke buƙata.

Hujjar Apple, da abin da ya biyo baya

Apple bai ɓoye adawarsa ba, kuma hujjojinsa ba na wasa ba ne. Ya ce tilasta baki ɗaya zai daƙile ƙirƙira, domin babu kamfanin da zai kashe kuɗi wajen ƙera abin da doka ta hana shi sayarwa. Ya ce ya riga ya sayar da na'urori sama da biliyan ɗaya masu Lightning, don haka sauyin da kansa zai mayar da tulin igiyoyi shara. A watan Oktoban 2022 wani babban jami'insa, Greg Joswiak, ya tunatar cewa da an tilasta micro-USB kamar yadda aka so tun farko, da ba a samu Lightning ko USB-C ba. A wannan zama ne kuma ya amsa cewa kamfanin zai bi dokar, tunda ba shi da zaɓi.

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a duk dokar da ta shafi fasaha. Majalisa tana ɗaukar shekaru kafin ta gama doka ɗaya, fasaha kuwa ba ta jira. Abin da ya fi kyau a yau zai iya zama tsohon yayi nan da shekaru takwas, a wayi gari doka ta ɗaure mutane a jikinsa.

Masu rubuta dokar sun yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka. Sun ba Hukumar ikon sabunta ƙa'idar fasahar idan wani abu ya fito da ya fi, ba tare da an koma farkon doguwar hanyar majalisa ba. Ba su tilasta wa na'urar da ke caji ba tare da igiya ba ta sa rami. Ba su kuma hana kamfanoni irin su Xiaomi da Oppo ci gaba da nasu tsarin caji mai tsananin sauri ba, sharaɗin kawai shi ne PD ma ya yi aiki a wayar yadda ya kamata.

Zuwa yanzu ƙirƙira ba ta tsaya ba, wuri ta sauya. Bakin Type-C bai canza siffa ba, amma abin da ke ratsa shi yana ta ƙaruwa, har ƙa'idar da aka fitar a 2021 ta kai shi ga ɗaukar wat 240. A fannin caji marar igiya kuma, tsarin Qi2 da aka sanar a 2023 an gina shi ne a kan fasahar maganaɗisu ta MagSafe da Apple ya bayar. Ko za a ce dokar ta hana wani baki mafi kyau fitowa, wannan sai lokaci ya nuna, domin abin da ba a ƙera ba ba a ganinsa.

Ranar 12 ga Satumban 2023 Apple ya gabatar da iPhone 15 da bakin USB-C. A Disamban 2024, gab da fara aikin dokar, ya janye iPhone 14 da iPhone SE daga shagunansa na ƙasashen Tarayyar saboda suna ɗauke da Lightning.

Me ya haɗa dokar Turai da kasuwar Farm Centre?

Dokar ƙasashen Turai kawai ta shafa. Ba ta da iko a Amurka, balle a Najeriya ko Nijar. To me ya sa iPhone 15 da ake sayarwa a Kano ko Dubai ko New York ita ma ta zo da Type-C?

Amsar lissafin kasuwa ce. Tarayyar Turai tana da mutane kimanin miliyan 450, kuma yawancinsu masu iya sayen waya mai tsada ne. Babu babban kamfanin da zai juya wa wannan kasuwa baya. Ƙera waya iri biyu kuwa, ɗaya don Turai ɗaya don sauran duniya, yana nufin zane biyu, layin haɗa kaya biyu, gwaji biyu da kayan gyara iri biyu. Ya fi araha a bi doka mafi tsauri a ko'ina. Wata malamar shari'a a Jami'ar Columbia ta Amurka, Anu Bradford, ta laƙaba wa wannan al'amari sunan tasirin Brussels, wato birnin da hedikwatar Tarayyar take, ta kuma rubuta littafi a kansa a 2020. Wasu ƙasashen ma sun bi sahu da nasu dokokin. Saudiyya ta wajabta Type-C a kan wayoyi daga 1 ga Janairun 2025.

Wannan ba shi ne karon farko da shawarar da aka yanke a Turai ta sauka a aljihun Bahaushe ba. Kalmar GSM da kowa ke faɗa sunan wata ƙa'ida ce da ƙasashen Turai suka amince da ita a 1987, suka ware mata zangon iska ɗaya don wayar da aka saya a wata ƙasa ta yi aiki a maƙwabciyarta. An yi kiran farko a kanta a Finland a 1991. Da hukumar NCC ta yi gwanjon lasisi a Janairun 2001, inda kowane lasisi ya tashi a kan dala miliyan 285, fasahar ta riga ta yaɗu, wayoyinta sun fara araha saboda ana ƙera su da yawa. Damar da mutum ke da ita ta cire layinsa daga wannan waya ya sa a waccan daga wannan ƙa'ida ta fito. Waɗanda suka yi zamani da layukan Starcomms da Multi-Links, masu amfani da tsarin CDMA, za su tuna yadda waya da layi suke zuwa a manne.

Darasin GSM shi ne ƙa'ida ɗaya tana iya buɗe kasuwa. Idan an daidaita tushe, gasar sai ta koma kan farashi da inganci, ƙaramin kamfani ma ya samu wurin shiga.

Baki ɗaya, igiya kala-kala

A nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido. Dokar ta daidaita siffar rami da yaren da waya da caja ke magana da shi. Ba ta ce kowace igiya mai bakin Type-C daidai take da 'yar'uwarta ba.

Misali yana cikin iPhone 15 kanta. Ƙaramar tana tura bayanai da saurin USB 2.0, wato megabit 480 a daƙiƙa, daidai da tsohon Lightning. iPhone 15 Pro kuwa tana kaiwa gigabit 10, kusan ninki ashirin, amma sai an samu igiyar da za ta iya. Ramin iri ɗaya ne a ido.

Haka abin yake a ɓangaren wuta. Idan aka haɗa waya da caja mai PD, ba nan take wuta mai ƙarfi ke kwarara ba. Ana farawa da volt 5, sai cajar ta sanar da abin da take iya bayarwa, wayar ta zaɓi wanda ya dace da ita, sannan a ɗaga. Shi ya sa cajar laftof mai wat 65 ba ta ƙona waya, abin da wayar ta nema shi ake ba ta. Igiya ta yau da kullum tana tsayawa a wat 60. Wadda za ta wuce haka dole ta kasance da ɗan cif a cikin kanta mai shaida wa caja cewa za ta iya ɗauka.

Akwai kuma abin da ke ɗaure wa mutane kai da ƙananan kaya masu araha, irin su tocila da 'yar fanka da ƙaramar sifika. Suna da ramin Type-C, amma idan aka sa musu igiya mai Type-C a kai biyu sai su ƙi caji, sai an nemo mai faffaɗan kai na tsohuwar USB. Dalili shi ne caja mai bin ƙa'ida ba ta sakin wuta sai ta ji alamar wasu 'yan ƙananan resisto guda biyu a jikin na'urar. Masu ƙera kayan araha sukan tsallake su don rage kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Igiya marar kyau tana iya yin ɓarna ta gaske. Daga ƙarshen 2015 wani injiniyan Google mai suna Benson Leung ya riƙa sayen igiyoyin Type-C a Amazon yana gwada su, yana wallafa waɗanda suka saɓa ƙa'ida. A farkon 2016 wata igiya da aka haɗa wayoyin cikinta ba daidai ba ta ƙona masa kwamfuta. Ba da daɗewa ba Amazon ya haramta sayar da igiyoyin da ba su cika ƙa'ida ba. A kasuwar da babu mai gwadawa kuma babu mai hanawa, irin waɗannan igiyoyi su ne ke rataye a jikin allon mai talla. Wanda ya sayi igiya mafi araha don ya rage kuɗi, ƙarshenta yakan biya kuɗin canza IC ɗin caji ko batir. Araha dai ba ta ado.

Kwali babu caja: wa ya ci ribar?

Tun kafin dokar, a Oktoban 2020, Apple ya daina sa kan caja a kwalin iPhone 12, yana mai cewa don kare muhalli ne. Samsung ya bi da Galaxy S21 a Janairun 2021. Hujjar ita ce kowa yana da tsofaffin cajoji a gida.

A Turai hujjar tana da tushe, domin binciken Hukumar ya nuna cewa mutum ɗaya yana da caja kusan uku. Amma matashin da ya yi wata shida yana tara kuɗi ya sayi babbar wayarsa ta farko a Gusau ko Maraɗi ba shi da durowar da ke cike da cajoji. Cajar da yake da ita ta ƙaramar waya ce. Kwalin da ya zo babu caja yana nufin ƙarin kuɗi a kansa, kuma sau da yawa yana nufin jabu, tunda ta asali tana da tsada.

Brazil ta kalli al'amarin ta wannan fuska. A Satumban 2022 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta umarci a dakatar da sayar da iPhone marar caja, ta kuma ci Apple tarar sama da dala miliyan 2, bisa hujjar cewa ana sayar wa mutane kayan da bai cika ba. Abu ɗaya ne, Turai ta ɗauke shi kare muhalli, Brazil ta ɗauke shi tauye haƙƙin mai saye. Kowace ta duba halin mutanenta ne ta yanke hukunci. Ƙasar da ba ta ce komai ba kuwa, duk abin da kamfani ya ga dama shi za a kawo mata.

Ina tsofaffin kayan suke tafiya?

Tan 11,000 na cajoji ɗigo ne a cikin teku. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta samar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin ɗari ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace.

Wani kaso na sauran yana bin jirgin ruwa zuwa Afirka ta Yamma. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwa na Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kayan lantarki na hannu kimanin tan 60,000 a shekara. Kusan kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Tarayyar Turai suka taso, kuma aƙalla tan 15,000 ba sa aiki tun daga can. Da yawa a cikin motoci na hannu ake cusa su.

Kayan hannu ba laifi ba ne. Su ne suka ba miliyoyin mutane damar riƙe waya mai kyau, su ne kuma abincin dubban masu gyara da 'yan kasuwa. Amma idan kasuwa mai arziki ta rufe ƙofa ga wani nau'in kaya, kayan ba ɓacewa suke yi ba, inda ƙofa take a buɗe suke nufa. Wayoyi masu Lightning da micro-USB za su daɗe suna yawo a nan bayan sun ƙare a can. Ƙananan wayoyi masu maɓalli da kayan caji masu araha, waɗanda ba don Turai aka ƙera su ba, babu abin da ya tilasta musu canzawa. A ƙarshe igiyar da ta mutu takan faɗa hannun 'yan gwangwan, a ƙona robar a ciri jan ƙarfen, hayaƙin kuma ya shiga ƙirjin yaran da ke wannan aiki.

Najeriya ta taɓa nuna cewa tana iya tashi tsaye a kan irin wannan. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu. Gwamnati ta matsa har aka kwashe su, ta kafa dokar hana shigo da shara mai cutarwa da hukumar kare muhalli a wannan shekarar. Abin da ya faru a Koko yana cikin abubuwan da suka zaburar da yarjejeniyar Basel ta 1989 a kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe. A yau ma akwai hukumomin da aikin ya rataya a wuyansu: NCC tana tantance nau'in wayoyin da za a sayar, SON tana kula da ingancin kaya, NESREA tana da ƙa'idojin sharar lantarki tun 2011. Ratar da ke tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke kan teburin mai talla ita ce matsalar.

Bayan caja, saura batir da manhaja

Turai ba ta tsaya a bakin caji ba. Daga 20 ga Yunin 2025, sabuwar wayar da za a sayar a can dole batirinta ya jure caji da sauka sau 800 yana riƙe da aƙalla kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Dole kamfani ya ci gaba da samar da muhimman kayan gyara har shekaru 7 bayan ya daina sayar da samfurin, ya kuma ci gaba da sabunta manhajar wayar aƙalla shekaru 5. Akwai kuma tambarin da ke nuna sauƙin gyaran waya, daga A zuwa E. Wata dokar ta daban za ta buƙaci, daga Fabrairun 2027, a riƙa ƙera na'urori yadda mai su zai iya canza batir da kansa, ko da yake an keɓe wasu.

Waɗannan sun fi bakin caji muhimmanci ga wanda ke sayen waya ta hannu. Wayar da ta yi shekara uku a Jamus kafin ta iso Kano, idan har yanzu tana samun sabuntawar tsaro kuma ana samun batirinta na asali, manhajar banki za ta ci gaba da buɗewa a kanta, mai gyara kuma zai samu abin sa mata. Google da Samsung sun riga sun yi alƙawarin shekaru 7 na sabuntawa ga manyan wayoyinsu, daga Pixel 8 da Galaxy S24. Amma wayoyin da aka fi saye a Afirka, irin su Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion, babbar kasuwarsu ba Turai ba ce. Samfurin da ba a kai can ba, dokar can ba ta hau kansa ba.

Kafin a kai ga gyara daga sama, akwai abin da mai saye zai iya yi. Ya duba adadin wat da wayarsa ke ɗauka, ya nemi kan caja mai alamar PD da ya kai wannan adadi. Ya duba ko an rubuta ƙarfin igiya a jikin kwalinta. Idan caja tana zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ko fuskar waya tana rawa idan an taɓa ta lokacin caji, ya cire ta. Idan zai sayi sabuwar waya, ya tambayi shekaru nawa za a yi ana sabunta ta, kamar yadda yake tambayar girman kyamara da ma'adana.

Sauran aikin na hukumomi ne da 'yan majalisa. Najeriya tana da mutane sama da miliyan 200, kuma tana cikin manyan kasuwannin waya a nahiyar. Kamfanonin da suka fi cin wannan kasuwa ba za su iya juya mata baya ba, kamar yadda Apple bai iya juya wa Turai baya ba. Idan aka ce wayar da za a sayar a nan dole ta zo da Type-C na gaskiya, da shekarun sabuntawa da aka rubuta a kwali, da kayan gyara a hannun masu gyara na Farm Centre da Computer Village, lissafin kasuwar da ya lanƙwasa Apple shi zai yi aiki. Matasan da ke riƙe da waɗannan wayoyi su ne mafi yawan masu ƙuri'a, kuma tambayar da za su iya yi wa wakilinsu ba ta da wuya: wa ke gwada cajar da ake sayarwa a bakin titi?